Tagar Bayan Sito

Mista Pyo ya durƙusa gaban ginshiƙin dutsen da ke bakin gida, ya zura yatsa cikin ramin da ke jikinsa, ya zaro, ya duba yatsan kamar mai tsammanin zai fito da ɓarawon a manne. Sannan ya ɗauki hoto. Tun isowarsa abin da yake yi ke nan. Ya ɗauki hoton katanga, ya ɗauki na ƙasa, har karen maƙwabta sai da ya samu shiga. Yang Malsun tana tsaye a bayansa, ido ɗaya a naɗe da auduga, ɗayan kuma yana kan takalmansa masu ƙyalli, irin waɗanda ba su taɓa taka gonar lemu ba.

"Kwastomarmu mai daraja," in ji shi, yana kakkaɓe gwiwa, "ƙofar fa? Ina aka kai ta?"

"Ga ta nan kana tsaye a kanta."

Ya dubi sanduna uku da ke yashe a ƙasa, ya dube ta. Kamfanin inshora ne ya turo shi daga Seoul, kuma kamar duk 'yan can, in ya ji abin da bai gane ba sai ya yi murmushi, wai a dole shi mai haƙuri ne da 'yan ƙauye.

Malsun ta yi masa bayani ba don ya cancanta ba. A ƙauyukan tsibirin Jeju tsofaffin gidaje ba su da ƙyaure. Ginshiƙi biyu ne da sanduna. In ka gitta sanda ɗaya, ka leƙa maƙwabta ne, yanzu za ka dawo. Biyu, sai yamma. In ka gitta duka ukun ka yi nisa, masu wucewa su sa ido a gidan, su ba kare ruwa. Ranar da za a yi mata aikin yanar ido a asibitin birni, ta gitta ukun kamar yadda uwarta take yi, ta hau bas. Da ta dawo sai ta tarar da sito wayam. Lemun shekara guda, wanda ta tsinka ta jera a akwatuna tana jiran kasuwar sabuwar shekara, an kwashe shi tas, har da injin feshi. 'Yan sanda sun zo sun yi rubuce-rubucensu, sun ce ga sawun babbar mota nan, sun sha kofi sun tafi.

"Wato," in ji Mista Pyo a hankali, yana latsa allon da ke hannunsa, "kin sa alama a bakin titi cewa ba kya nan, kuma ba za ki dawo da wuri ba."

"Na sa wa mutane alama."

"Ai ɓarawo ma mutum ne, kwastoma."

"A garinku."

Murmushin bai bar fuskarsa ba. Ya wuce gaba zuwa siton, ya tura ƙofar katakon da yatsa ɗaya ta buɗe. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya tambaya ina kwaɗon yake. Ta ce babu. Ya tambaya ko ɓarayin ne suka tafi da shi. Ta ce tun da mijinta ya gina siton ba a taɓa rataya masa kwaɗo ba, domin Manbok maƙwabcinta yana shiga ya ɗauki tsani, ita ma tana shiga nasa ta ɗauki baro, kuma ba wanda ya taɓa mutuwa.

"To a nan matsalar take," in ji shi, har da ɗan sunkuyar da kai kamar mai ta'aziyya. "Yarjejeniyarmu ta shafi satar da aka yi ta hanyar fasawa ko ɓallewa. In ba a fasa komai ba, kamfani yana ɗaukarsa sakaci ne daga mai kaya."

"Tun mijina yana da rai muke zuba muku kuɗi. Wanda ya zo ya sa mu shiga, a ɗakin nan ya zauna ya ci kifina, ta tsakanin sandunan nan ya wuce. Bai ce sakaci ba a lokacin."

"Wannan sashen talla ne. Ni sashen bincike nake."

Malsun ta ja tsaki. Haka suke. Hannun da ke karɓa daban, hannun da ke hanawa daban, kuma wai ba su san juna ba.

Ana cikin haka motar Sangil ta tsaya a bakin titi. Ɗanta ne tilo, ma'aikaci a ofishin gunduma, mutumin da in ya ga mai taye jikinsa ke lanƙwashewa da kansa. Ya fito da kofi biyu a hannu, ya miƙa wa Mista Pyo ɗaya da hannu biyu, ya riƙe ɗayan. Uwarsa ba ta samu ba. Ya ba da haƙuri a kan nisan hanya, ya ba da haƙuri a kan iska, ya ba da haƙuri a kan uwarsa, wai tsufa ne, a yi mata uzuri. Da ya ji hukuncin sai ya kaɗa kai, ya yi fuskar jimami, amma Malsun ita ta haife shi. Ta ga yadda kafaɗunsa suka sauka kamar wanda aka sauke wa kaya.

Bara ta yi masa alkawari, don ya ƙyale ta ta huta da naci, cewa duk shekarar da gonar ta kasa ciyar da kanta za ta yarda a sayar. Akwai wani ɗan birnin Busan da ya daɗe yana zagaye wurin, yana son ya tumɓuke itatuwan ya gina gidan shan kofi mai kallon teku, ita kuma a kai ta wani ɗaki a hawa na sama a birni ta zauna tana kallon bango. In kamfani ya biya diyya, gonar ta ci shekararta. In bai biya ba, Sangil ya ci.

Duk da haka shi mutum ne mai son a ce ya yi ƙoƙari. Ya ja Mista Pyo gefe, suka yi ƙus-ƙus a bayan mota, aka buɗe but, wani kwali na busasshen kifi ya tashi daga wannan motar ya koma waccan. Da suka dawo, Mista Pyo ya duba agogo, ya shafa ciki.

"Ni dai ban zagaya bayan siton ba tukuna," in ji shi, yana kallon sama. "Yunwa ta kama ni. Wani lokaci, kwastoma, sai an zagaya baya ake tarar da taga a fashe, mai gida bai ma lura ba. Musamman mai ciwon ido. In na dawo zan duba."

Ya tafi mota. Sangil ya tsaya yana juya makulli a yatsa.

"Kin ji dai, Umma."

"Na ji. Ga dutse nan a ƙafarka."

"Haba Umma, ni ma'aikacin gwamnati ne. Ni ban ji komai ba, ban ga komai ba. Zan kai shi ya ci abinci." Ya juya zai tafi, ya waiwayo. "In kuma ba ki iya ba, ba laifi. Dama na gaya miki gonar nan ta fi ƙarfinki."

"Jeka, kada ubangidanka ya gaji da jira."

Suka bar ta ita kaɗai. Ta zagaya bayan siton, inda ciyawa ta kai gwiwa. Tagar tana nan, ƙarama, gilashinta ya yi duhu da ƙura, jaki ma ya san ba ta inda akwatin lemu zai bi ta cikinta. Amma Mista Pyo ba gaskiya yake nema ba, hoto yake nema. Malsun ta raina shi, ta raina ɗanta, ta raina kamfanin da sai an yi masa ƙarya yake yarda da gaskiya. Da ta sunkuya ta ɗauki dutse daga gindin katanga, sai ta ji ta raina kanta fiye da su duka. Ta dubi itatuwan, layi bayan layi har gangaren teku, waɗanda ta san kowanne da halinsa. Ta rufe ido mai ganin, ta jefa.

Ƙarar ta fi yadda ta zata. Karen maƙwabta ya ɗauki haushi.

Ba ta gama goge hannu a zani ba ta ji tari a bayan katanga. Hyeon Manbok ne, ya leƙo da kai, hularsa a karkace, bakinsa cike da abinci.

"Maman Sangil, lafiya? Me ya fashe?"

"Ba komai. Taga ce."

"Taga?" Ya riga ya ɗora ƙafa a kan katangar. Shekarunsa sun kusa nata, amma in an ce gyara, yaro yake komawa. Ya diro, ya duba, ya kaɗa kai. "Kai, iskar nan ba ta da mutunci. Ga ki da ido ɗaya, kar ki taka. Matsa baya."

"Bar shi, Manbok. Gobe Sangil zai kira mai gyara."

"Sangil?" Ya yi dariya har da tari. "Wanda ko ƙusa bai iya bugawa ba? An ce ruwa zai sauko da yamma. Ina da ragowar gilashi daga rumfar shukata, yana nan yana cin wuri."

"Na ce ka bari. Ci abincinka."

"Lokacin da guguwa ta yaye mini rufi, wa ya hau sama cikin ruwa? Ba mijinki ba? Kuma an yi miki sata ina nan kwance da mura, ban ji ba ban gani ba, kunya ta hana ni barci. Yau kuma ki ce in bar miki taga a buɗe?"

Ya tafi ya dawo da tsintsiya da abin yankan gilashi, matarsa na biye da shi da tiren shayin sha'ir da dafaffen dankali, tana faɗin sannu, sannu, wannan shekara ta zo miki da nauyi. Malsun ta buɗe baki. Kalma uku kawai take buƙata: ni na fasa. Sai su tambaya don me, sai ta faɗa, kuma kafin rana ta faɗi duk ƙauyen ya ji cewa Yang Malsun, wadda ke yi wa 'yan birni kallon banza, ta jefi tagarta da dutse don ta damfari kamfani. Waɗannan mutanen ne za su ɗauki gawarta. Ta rufe bakin, ta karɓi shayin da hannu biyu.

Ta zauna a kan akwatin da ya rage tana kallon Manbok yana share shaidarta. Bai bar ko ɓarɓashi ba. Har dutsen ya tsinta a cikin siton, ya juya shi a hannu, ya ce lallai daga katanga ya gangaro, ya mayar da shi gurbinsa. Ya auna, ya yanka, ya dasa, yana 'yar waƙarsa ta hanci. Bai taɓa yin aiki da sauri irin na ranar ba, kuma bai taɓa yin mai kyau kamarsa ba.

Yana shafe gefen ƙarshe da babban yatsa motar Sangil ta tsaya. Mista Pyo ya zagayo bayan siton yana sakace haƙori, allonsa a ɗage, a shirye ya yi mamaki. Ya tarar da gilashi sabo fil yana ɗaukar ido, ƙasa a share, tsoho yana tattara kayan aiki.

"Tagar nan…" in ji shi.

"Ta fashe, ranka ya daɗe, amma an gyara," in ji Manbok, bakinsa har kunne. "Yanzun nan ta fashe, ina cin abinci na ji ƙarar. Da safe lafiyarta ƙalau, na gan ta da idona. Mu nan ba ma barin maƙwabci da ɓarna ta kwana."

Mista Pyo ya sauke allon. Ya dubi Malsun, kuma a karon farko tun safe murmushin ya zama na gaske, har sai da ya kau da kai. Ya ce to, ya gama zagayawa, bai ga alamar fasawa ba, sakamako zai zo mata ta waya, in ba ta gamsu ba akwai sashen ƙorafi. Ya rusuna mata sosai. Kwalin kifin bai fito daga motarsa ba.

Sangil ya raka shi har titi. Ko da motar ta ɓace bai dawo ba, ya tsaya can jikin katanga ya juya baya, waya a kunne, yana magana ƙasa-ƙasa. Sai dai iskar Jeju ba ta riƙe sirri. Malsun ta ji yana ce wa ɗan Busan ɗin nan ranar Asabar ta yi, a zo da mai awon fili, siton kuma ba matsala, rana ɗaya ta isa a rushe shi.

Manbok bai ji ba, kunnensa ya yi nauyi. Ya ja da baya yana kallon aikinsa, ya ƙwanƙwasa gilashin da gaɓar yatsa.

"Kin ji ƙarfi? Mai kauri ne, na rumfa. Wannan zai kai ki shekara ashirin, Maman Sangil."

Ta miƙe, ta ajiye kofin a kan tire.

"Na gode, Manbok," in ji ta. "Ya yi kyau."