Kwikwiyon da Ya Lashi Rigar Ciyaman

Tun ranar da Manniru ya kafa kejinsa a ƙofar rukunin gidajensu da ke Dutse Alhaji, Nazeefa ba ta ƙara samun sukuni ba. Likitar dabbobi ce, ba ta daɗe da gama karatu ba, kuma ta san abin da idonta ke gani: 'yan kwikwiyo da 'ya'yan kyanwa da aka cire daga nono tun ido bai gama buɗewa ba, an cushe su wuri guda, rana tana gasa su. Wanda ya mutu, Manniru ya kama ƙafarsa ya wurga a kwata, gobe ya kawo wani.

Babu taron mazauna rukunin da ba ta miƙe ta ce a hana wannan ciniki ba. Babu kuma wanda ba a yi mata dariya ba.

"Ke 'yar nan," in ji Alhaji Abdulmajeed, ciyaman ɗinsu, wanda a ɗakin bayan gidansa take haya, "mutane na fama da ruwa da wuta, ke kina fama da kare. Har jami'a kika je karatun najasa?"

Aka sa mata suna Uwar Karnuka. Ta karɓi sunan, in an kira ma har waiwayowa take yi.

Sai wata Juma'a Alhaji ya fito cikin farar shadda mai sitati, ya tsaya a ƙofa yana yi wa maigadi faɗa. Wani kwikwiyo ja, mai kunne ɗaya a karye, ya zuro kai ta wayar kejin ya lashi gefen rigar. Alhaji ya yi tsalle yana salati, ya koma gida wanki da canjin kaya, kafin ya isa masallaci an tayar da salla. Mutumin da ya saba sahun gaba, ranar a kan kwalta ya shimfiɗa darduma.

Bayan la'asar aka kira taron gaggawa a filin da ke daf da ƙofar rukunin. Nazeefa na zaune tana jin kalamanta suna fitowa daga bakin Alhaji ɗaya bayan ɗaya: dabba ma tana da haƙƙi, rana tana cutar da su, akwai cututtuka. Har hannu yake dafawa a ƙirji. Waɗanda suka yi mata dariya suna ta gyaɗa kai, suna cewa, "Gaskiya ne, Ciyaman."

Madam Patricia ce kaɗai ta ƙi. "Haba Oga Ciyaman! In ka kore shi, ina zan sayi kyauta na jikoki na? Yara suna son karen sosai fa."

Kowa ya san irin son. Duk Kirsimeti takan sayi guda, in ya girma ya daina kyau, direba ya kai shi bayan masana'antun Idu ya buɗe but ɗin mota ya sake shi.

Aka ɗaga hannu, doka ta zauna: daga yau ba sayar da kwikwiyo ko kyanwa a ƙofar rukuni. Aka tafa.

"To na cikin kejin fa, Alhaji?" Nazeefa ta tambaya.

"Kafin magariba kada in ga ko gashinsu."

Manniru na raɓe a bakin ƙofa da hula a hannu. "Likita, wallahi ba inda zan kai su. Ɗakin da muke kwana ko ƙafa ba a miƙewa. Sai dai kwata."

Ta dubi masu tausayin dabbobi. "Wa zai riƙe ko ɗaya, ni in kula da lafiyarsa?"

Nan take kowa ya tuna yana da saƙo a waya. Madam Patricia ta taɓe baki. "Waɗannan na gida ne. Ni na turawa nake so."

Nazeefa ta fita, ta karɓi kwalin taliya a shagon ƙofa, ta huhhuda shi, ta shimfiɗa mayafinta a ciki, ta kwashe su duka. Ta juyo za ta shiga, Alhaji ya tare hanya, amma daga nesa, yana tattare riga.

"Ba a gidana ba. Ko su, ko ɗakin."

Ta ajiye kwalin, ta cire mukullin ɗakin daga jaka ta ɗora masa a kan kujerar ciyaman. "Gobe zan aiko a kwashe kayana, Baba. A kula da rigar."

Asibitin da take aiki yana da benci da famfo, ya ishe ta kwana. Mai Keke Napep na farko ya leƙa kwalin ya ja gaba, na biyu ma haka. Ta ɗora shi a ka, ta kama bakin titin Bwari da ƙafa. Jan nan mai karyayyen kunne ya zuro kai ta huda yana lasar yatsunta, ita kuwa ba ta goge ba.