Kwaɗon da ke faɗawa ruwa

Da aka kawo wayoyin wasan lissafi ajinta, Malama ta fi yaran murna. Wani kwaɗo ne ke tsallaka rafi a kan duwatsu. In yaro ya taɓa amsar da ta dace, kwaɗon ya dira a dutse na gaba. In ya kuskure ko ya yi jinkiri, ya faɗa ruwa, wayar ta yi "cuɓul". Kafin wata ya ƙare, yaran da a da ko sau biyu ba sa iya jerowa suna rige-rigen sau tara.

Ban da ɗan tela da ke zama kusa da taga. Shi da yatsu yake ƙirge, a hankali, leɓensa na motsi. A allo yakan kawo amsa daidai in an ba shi lokaci, amma kwaɗon ba ya jira. Wayarsa ce kullum ke ƙara, har yara suka laƙaba masa sunan Cuɓul. Ranar farko Malama ma ta murmusa.

Sai yaron ya daina ɗaga hannu. In aka raba wayoyi, sai ya kifa tasa a kan benci. Ta rage ƙarar wayar gaba ɗaya, amma na bayansa suka koma leƙen kwaɗon suna yi masa "cuɓul" da baki. Ta yi faɗa, ta yi horo, amma sunan ya riga ya bi shi har bakin famfo.

Ta samu Hedimasta ta roƙi a ƙara wa wasan lokaci. Ya ce waɗanda suka kawo wayoyin ne suka saita, shi ko maɓallin bai sani ba, kuma ajinta ne ke kan gaba yanzu, me za a taɓa?

Da yaron ya yi mako bai zo ba, ta je shagon uban. Ta tarar da yaron a ƙasa yana warware wani ɗinki, bai ɗago ba. Telan ya tsayar da keke, suka gaisa, ya ce kowace safiya yaron sai ya ce ciki na ciwo, har da amai. Ta yi alkawarin za ta zauna da shi lokacin hutun tara, su yi da alli su kaɗai.

"Malama, ban ce laifinki ba ne," in ji telan. "Amma ki bar min shi tukuna. Na gaji da jan shi a hanya yana kuka."

Ta koma makaranta. A bakin ofis Hedimasta ya tare ta: gobe masu wayoyin za su zo da baƙi, ita za ta yi bayanin yadda wasan ya taimaki yara. Ta tambaya ko za ta iya faɗin na wanda bai taimaka ba. Ya ce ta dai taƙaita, baƙin ba za su daɗe ba.