Miyar Ranar Jarrabawa

Jiƙaƙƙen wake, baƙi da ja, an harhaɗa shi da tsinken sakace don kwatanta haɗuwar sinadarai, shi ya mamaye teburin cin abincin Gil-ja tun farkon bazara.

Ta kusa saba'in, tana neman takardar kammala sakandare. Tun tana ƙarama aka cire ta daga makaranta don ƙannenta maza su yi karatu. Bara kimiyya ta kayar da ita, bana ga ido ya fara hazo. In ta sake faɗuwa, shi ke nan.

Mijinta Deok-su ya yi ritaya daga koyar da ilimin sinadarai, amma bakinsa bai yi ritaya ba. Jadawalin sinadarai ma a ƙofar firji ya manna shi.

"Sodiyam yana da ilektiron ɗaya da ya yi masa yawa, kilorin yana neman ɗaya," ya ce, yana tura mata wake. "Ya ba shi, suka manne. Me aka samu?"

"Gishiri. Tun ina amarya nake zuba shi a kabejin kimchi, Malam, ba ka taɓa gaya mini iyayensa ba."

"Ruwa fa?"

"Su tarayya suke yi, kamar mu da bargo."

"Bargon da kike janyewa?"

"Ai ka ce oksijin ma ya fi ja."

Sai jarrabawar ta faɗo a ranar haihuwarta. A al'adarsu kuwa ranar haihuwa ba ta cika sai da miyar ganyen teku, kuma shi ke dafa mata duk shekara, ita kaɗai ya iya. Amma kowa ya san mai jarrabawa ba ya shan ta: santsi gare ta, sai mutum ya zame ya faɗi jarrabawar. Deok-su ya daɗe yana yi wa wannan camfi dariya, yana cewa sinadarin aidin ne a ciki, ba faɗuwa ba. Tsoro ya kama Gil-ja, kunya kuma ta hana ta cewa kada ya dafa.

Da safe ba ta ji ƙamshin man riɗin miyar ba. Wainar shinkafa mai danƙo ta tarar a faranti, wadda ake ba mai jarrabawa don ya manne kada ya zame.

"Ina miyar?"

"Ganyen ya ƙare," ya ce, idonsa a kan jarida.

Ta hango ƙunshin ganyen a saman firji, inda ya tura shi. Ƙwalla ta cika mata ido don godiya, ta ɗauki jakarta ta fita.

Da yamma tun daga matakala ƙamshin ya tarbe ta. Ya kawar da waken gefe, tukunya na tururi a tsakiyar tebur.

"Yaya jarrabawar, uwar Su-min?"

"Tambayar ruwa ta fito. Ta gishiri ma." Ta zauna, ta dube shi. "Na gode, tsoho. Amma ba kai ne mai cewa aidin ne kawai a ciki ba?"

"Aidin ne," ya ce, yana zuba mata. "Sai dai ba a kanki zan yi gwajin ba."