Tarin Jar Saniya

Tana cikin tsiyaye madarar safe a bayan shinge ƙanin mijinta ya shigo yana naɗe hannun riga.

"Matar yaya, yau ma ƙasa ce za ta sha? Da kin ba ni, ni cikina ba ya tsoron allura."

"Cikinka ai ba abin da yake tsoro sai yunwa," in ji ta. "Likita ya ce madarar saniyar da ake wa allura a zubar, a zubar ɗin za a yi."

Ya yi dariya, ya nufi igiya. Shi ne mai riƙe saniyar duk ranar allura, ita kuma ta soka, kamar yadda likitan dabbobi ya nuna mata ranar da ya zo ya ce ciwon huhu ne. A wuya, cikin tsoka, ba gaggawa. Yau ce ta ƙarshe, kuma a kanta likitan ya fi jan kunne: ko ta ga saniyar tana tsalle, kada ta fasa, don in ciwon ya dawo ba lallai ya sake jin magani ba.

"Bari sai anjima," ta ce. "Hannuna ba daɗi."

Ya dube ta, ya dubi hannun da ya gama ɗaukar bokiti cike. Ya rataye igiyar ya tafi.

Hannunta lafiya lau. Abin da ba ta iya faɗa wa kowa shi ne tarin. Mijinta tunda suka yi aure bai taɓa ɗaga murya ya kira ta ba. Yana zaune a kan benci kusa da turke, in yana son ruwa ko yana son ta kawai, sai ya yi ɗan tari, ita kuma daga kicin ta amsa. Da ƙirjinsa ya kamu a bara, tarin kiran da na ciwon suka gauraya, har ta daina gane wanne ne wanne. Tana amsawa dai duk da haka, har ranar da aka fita da gawarsa.

Sai ga jar saniyarsa ta fara tari a makon jiya, daga wannan kusurwar ta turke, ana jiyo shi ta tagar kicin. Busasshe, mai zurfi, da ɗan shiru a tsakiya. Ranar farko ludayi ya faɗi daga hannunta. Ta tsorata ƙwarai, ta yi ta addu'a. Amma da allurar ta fara aiki tarin ya ragu, sai ta ga tana ajiye aiki tana kasa kunne. Gidan ya daɗe bai kira ta ba.

Ta shiga kicin ta hura wuta. Kwalbar maganin tana kan kanta, da ɗan abin da ya rage a gindinta. Ta juya mata baya. Ta wanke tukunyar da ta riga ta wanke, ta share inda ba datti. Rana ta take, inuwar shinge ta tattare, ba abin da ta ji sai ƙudaje.

Can bayan azahar aka yi tarin.

"Na'am," ta ce, tun kafin ta san bakinta ya buɗe. Har ta ɗebo ruwa a kofi.

Ta fita da kofin a hannu. Bencin yana nan, kaza a kansa. Saniyar kuwa ta sunkuyar da kai, kunnuwa sun saki, ciyawar safe ba ta ko taɓa ba. Majina ta sake tsatsowa a hancinta, haƙarƙarinta yana hawa yana sauka da sauri. Ɗan maraƙinta sai zungurar ta yake yi, ita ko juyowa ba ta yi.

Ta san wannan numfashin, ta taɓa zama a gabansa lokacin jinyar mijinta. Kunya ta kama ta, da baƙin ciki irin wanda ba ya zuwa da hawaye. Ta zuba ruwan a kwano, ta leƙa ta kan katanga ta ƙwala wa ƙanin mijin kira.

Ya zo da sauri, wannan karon ba zolaya. Ya ɗaure ƙahonnin a jikin turke, ya rungume kan ya danne da kafaɗa. Ta zuƙe maganin a sirinji, ta ɗaga shi sama ta fitar da iska, ta goge wuyan ta laluba tsokar da yatsu. Jikin da zafi.

"Soka mana, matar yaya, ƙarfi gare ta."

"Dakata."

"Me kuma?"

"Bari ta ƙara yi. Sau ɗaya kawai."

Bai tambaye ta me za a ƙara ba. Ya kawar da fuskarsa wajen bencin, ya ƙara ƙanƙame ƙahon, suka tsaya. Kaza ta sauka ta yi gaba. Maraƙin ya yi ɗan kuka. Saniyar ta ja numfashi mai tsawo, ta sake shi a hankali, ba ta yi tari ba.

"To, shi ke nan," ta ce a hankali, ba da ƙanin mijin take ba.

Ta soka allurar, ta danna har ƙarshe.