Ba a Bin Layi Sau Biyu

Tun ranar da aka buɗe baje kolin sana'o'in hannu, Auta ta ƙirƙiro wa kanta ciwon ciki mai zuwa ƙarfe biyu daidai. Sai ta dafe ciki, ta bar rumfarsu ta kujeru, ta bi ta bayan masu tukwane da masu saƙar kwando, ta ɓulla can ƙarshen zauren, inda wata malama mai furfura ke koyar da yankan gilashi mai launi. Yau kwana huɗu ke nan, kuma ko ɗigon kunya ba ta ji.

A gidansu ba a ambaton gilashi. Baba ya shekara talatin yana yanka shi yana sa wa tagogin mutane, har ranar da wani ɗan tsinke ya tashi ya tafi da idonsa na dama. Na hagun ma ya bi baya a hankali, yanzu sai inuwa-inuwa yake gani. Yaya, babban ɗansa, kafinta ne. Shi ya tattara kayan aikin Baba ya zubar, ya ce muddin yana numfashi babu wani ɗan gidan da zai sake taɓa abin nan. Ko madubin jikin kabad ba ya yarda a sa a shagonsa. Auta kuwa aka zaunar da ita a kan keke tana ɗinka rigunan kushin. Ta iya ƙwarai, amma ba ta taɓa ɗaga rigar kushin sama ta ji zuciyarta ta buga ba.

Ranar farko da Malama ta miƙa mata ɓallin shuɗin gilashi, ta ɗaga shi wajen fitila, sai zauren gaba ɗaya ya koma kamar ƙarƙashin ruwa. Nan take ta san cewa ta kamu.

Yau ce ranar rufewa. Malama ta faɗa musu tun farko: duk wanda ya fitar da jinjirin wata daga gilashi ba tare da ya tsage ba, za ta ɗauke shi ya ci gaba da koyo a shagonta. Falle huɗu aka ba kowa. Auta ta fasa uku, saura ɗaya shuɗi a gabanta. Ba ta taɓa shi ba tukuna, tana ta gwaji a kan ɓaraguzan jiya da abin yankan nan mai 'yar ƙaramar taya a baki.

"To, ga asibitin da ake maganin ciwon cikin."

Muryar Yaya ce. Ta ɗago, sai ta ga ba shi kaɗai ba ne. Ya riƙo hannun Baba, ya ratsa da shi duk tsawon zauren, ya tsayar da shi a bakin teburin kamar shaida a kotu.

"Yaya, ɗan matsa," in ji ta. "Kana tare mini haske."

"Na ga filasta a yatsunki tun shekaranjiya, na ce allura ce. Ajiye abin nan."

"Ba zan ajiye ba."

"Dubi fuskar Baba, sannan ki maimaita."

Ta duba. Ta ga fatar idon da ta lotsa, da ɗan tabon da ya gangaro kunci. Amma hannunta bai saki abin yankan ba.

"Na duba. Shekara tara ina dubawa, Yaya. Ina ganin sa yana shafa bakin kofi da babban yatsa idan ya zaci ba kowa. Kai ka taɓa tambayarsa abin da yake so, ko zubar da kayan kawai ka iya?"

"Ni kike faɗa wa haka? Ni da na goya ki?"

"Ka goya ni, na gode. Yanzu ka sauke ni."

Wata ɗaliba ta ƙunshe dariya. Malama ta matso za ta sa baki, Auta ta girgiza mata kai. Ta jawo wani ɓalli daga ɓaraguzan, ta ja layi a kansa, ta karya. Ya tsage ta gefe kamar kullum.

"Ka gani ko?" in ji Yaya. "Ko iyawa ba ta yi ba."

"Wa ya bi layi sau biyu?"

Baba ne. Tun da suka iso ya karkatar da kai, kunnensa na wajen teburin.

"Sau ɗaya na ja, Baba."

"Kin ja, kika kai ƙarshe, sannan kika ɗan koma baya. Na ji ƙarar. Sake in ji."

Ta sake a kan wani ɓallin. Sai a lokacin ta ga abin da hannunta ke yi ba da saninta ba: yana kaiwa baki sai ya ɗan ja da baya, kamar yadda take ƙulle ɗinki a kan keke don kada zare ya warware. Malama ta faɗi dokar kada a bi layi sau biyu tun ranar farko, amma cikin hayaniyar zauren da ɗalibai goma sha biyu ba ta lura da wannan ɗan motsin ba.

"Hannun tela," in ji Baba. "Gilashi ba yadi ba ne, 'yar nan. Ba ya son a tambaye shi sau biyu. Ki ja ki wuce har ki faɗa bakinsa."

"Baba, na kawo ka ne ka hana ta," in ji Yaya.

"Ai ka ce in zo in gani. Ba na gani, sai na saurara."

Auta ta jawo falle na ƙarshe, ta daidaita shi a kan zanen jinjirin watan. Sai hannun Yaya ya miƙo wajen fuskarta. Ta ƙanƙame abin yankan, ta shirya kokawa, amma ba shi ya nufa ba. Tabarau na kariya da ta ɗage zuwa goshi ya fizgo ƙasa, da ƙarfi har ya buge mata karan hanci.

"Ban yarda ba," ya ce. "Kada ki ce na yarda."

"Ban tambaye ka ba."

Ta ɗora tayar, ta ja. Wata siririyar ƙara ta tashi, miƙaƙƙiya, ba ta yanke ba har ta faɗa bakin gilashin. Hannunta ya so komawa, ta ɗauke shi sama. Ta ƙwanƙwasa layin ta ƙasa a hankali, ta kama gefe biyu, ta karya. Ta ja layi na biyu, na cikin lanƙwasar, wanda ya cinye mata falle uku. Ƙas. Jinjirin wata ya zauna a tafin hannunta.

Malama ta karɓa, ta juya shi, ta goge bakinsa da dutse. "Litinin, ƙarfe uku. Kada ki zo mini da ciwon ciki."

"Rigunan kushin fa?" in ji Yaya. "Wa zai ɗinka?"

"Da safe ni. Da yamma keken na nan, ba ya cizo."

Yaya ya ja tsaki, ya ce ya bar rumfa ba kowa, amma bai motsa daga inda yake ba. Baba ya miƙo hannu. Ta ɗora masa, ya bi lanƙwasar da babban yatsa tun daga wannan tsini har wancan.

"Wane launi ne?"

"Shuɗi, Baba."

"Ɗaga shi wajen fitila. Ta hagu, kusa da idon."

Ta yi ɗage, ta riƙe masa shi. Shuɗin haske ya sauka a rabin fuskarsa. Hannunta ya fara gajiya, bai ce ta sauke ba, ita ma ba ta sauke ba.