Allurar da Ba Ta Motsi

Ruwan wurin ninƙayar ya yi fari kamar an dama alli. Jami'in lafiya ya ce in ya dawo ya tarar da shi haka, kwaɗo zai garƙama, gasar yaran Koci, mai horar da su ninƙaya, kuma ta sha ruwa.

Koci ta faɗa ɗakin famfo ba sallama. Ƙanin mijinta, mai kula da injin, yana zaune kan jarkar sinadari.

"Matar Yaya, ko gidanmu ai kya yi gyaran murya."

"Injiniyan gangan, me ya hana ruwan nan tacewa?"

Ya nuna agogon da ke auna ƙarfin ruwa a bututu. "Allura na kan kore. Lafiya lau."

Ta zuba wa allurar ido. Injin na girgiza har ƙasa, ita ko gezau. Koci ta kai hannu ta kashe famfon. Allurar na nan kan kore.

"Wa ya manne ta?"

"Kallon me kike min haka?"

"Mutum biyu ke da makullin nan. Kai da Manaja."

Dariyarsa ta ɗauke. Ya ɗauko sabon agogo ya ɗaura, ya kunna. Allura ta yi tsalle ta shige ja.

"Wani abu na tare ruwan," in ji shi.

Suka bi bututun yana aunawa. Kafin matatar ruwa, ja. Bayanta ma ja, ke nan ba datti ba ne. Sai can bayan tanki, inda ba a leƙawa, suka ga bawul mai buɗe wa ruwa hanya a murɗe ya kusa rufewa, an kuma cire hannunsa.

"Manaja ya daɗe yana cewa a mai da wurin nan ɗakin taro, ya fi ruwan nan riba," ya ce a hankali.

"Kai kuma ina kake aka yi wannan?"

"Wallahi, Anti…"

"Yau na zama Anti? Buɗe."

Ya sa sufana ya murɗa. Bututun ya yi gurnani, allura ta sauko tana rawa. Ta taga suka hango ruwa na tunkuɗowa daga bangon kwamin ninƙayar.

Koci ta cire kwaɗon akwatin kayanta ta rataya a ƙofar.

"To ni ta ina zan shiga?"

"Ka kira ni. Tare za mu riƙa shiga har a gama gasa."