Wuƙa a Kan Alama

Ɗan Kwamfuta ɓarawo ne, kuma kawunsa yake yi wa sata. Bai taɓa sa hannu a aljihun kowa ba. Fili yake sata.

Shi ke tsara aiki a maɗaba'ar kawun nasa. Duk abin da za a buga, shi yake jera shi a kan babbar takarda cikin kwamfuta, ya sa alamun yanka a kusurwoyi, sannan a fitar da farantin da ake ɗaura wa inji. In ya jera aikin mutane, sai ya matse shi, ya samu ɗan fili a ƙasa, ya cusa aikin da ya karɓo a waje don kansa. Takardar kawu, tawadar kawu, injin kawu. Ma'aikata kuwa ya gaya musu umarnin maigida ne, wato kawun nasa, kuma maigida ba ya son a yi masa maganar.

Wata mata mai haɗa maganin ƙwari ta kawo aikin takardun da ake liƙa wa kwalba. A ƙasan kowace takarda akwai layi guda da jan rubutu, mai cewa guba ne, a nisanta shi da yara. Filin da ya rage bai ishi Ɗan Kwamfuta ba, don haka ya ja alamar yanka sama, ya cinye rarar da ake bari tsakanin rubutu da bakin wuƙar injin yanka. Bai sake dubawa ba. Aka buga, aka yanka, aka zuba wa matar a kwali ta tafi.

Washegari da hantsi matar ta dawo da kwalin, ta dire shi a kan teburin maigida. Wuƙa ta bi ta tsakiyar jan layin. Rabin haruffa na nan, rabi babu. Ta ce saura kaɗan yaranta na shago su fara liƙawa, kuma da wani ɗa ya sha abin, ita za a kama, ba maɗaba'a ba.

Maigida ya sa aka kashe inji. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka.

Aka kira Baba Wuƙa, dattijon da ke yanka takarda tun zamanin mahaifin maigida. Ya zo yana goge hannu a jikin rigarsa, ya ɗauki takarda ɗaya ya kai kusa da ido, ya ce shi dai a kan alama ya sauke wuƙa, kamar kullum. Maigida ya ce a nuna masa alamar. Babu abin nunawa, domin alamar yanka tana tafiya ne da abin da aka yanke, Ɗan Kwamfuta kuma ya kwashe wannan tun jiya.

"Kawu, ni ban so in faɗa ba," in ji Ɗan Kwamfuta, yana wasa da makullin babur. "Idon Baba ya tafi hutu. Kwanan baya fa ya gaishe da tulin takarda, ya zaci baƙo ne."

Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Baba ya fara cewa tun da aka soma sa ƙananan ayyuka a ƙasan takarda, gefe ya yi ta raguwa. Bai kai ƙarshe ba Ɗan Kwamfuta ya hau kansa da surutu, wai tsoho ya ɓata aiki yana neman wanda zai shafa wa laifi. Maigida ransa ya riga ya ɓaci, kunya kuma ta kama shi gaban matar, don haka bai ji abin da ya kamata ya ji ba. Ya juya ga mai inji ya tambaye shi ko ya ga wani abu. Mai inji ya san komai. Amma yana da iyali, kuma ya san ɗan 'yar'uwar maigida ba abokin faɗansa ba ne. Ya sunkuyar da kai ya ce shi bugu kawai ya yi.

"Baba," in ji maigida, bai kalle shi ba, "ka tattara kayanka. Na gode da abin da ya wuce."

Dattijon bai roƙa ba. Ya je gindin wuƙar ya fara naɗe tabarmarsa.

Matar ta ce korar tsoho ba ta liƙa mata kwalba ko ɗaya ba. Motar kaya na jiranta, kuma ba za ta ɗaga daga kujerar nan ba sai an sake buga mata. Maigida ya ce wannan mai sauƙi ne, farantin jiya na nan, a mayar da shi kan inji, shi da kansa zai yanka.

Nan fuskar Ɗan Kwamfuta ta sauya. Ya ce farantin ya karce, bari ya fitar da sabo, ba zai daɗe ba. Maigida ya ce a kawo ya gani. Ɗan Kwamfuta ya ce ai yana jin an jefar. Maigida ya dubi mai inji. Mai inji ya taka zuwa bayan injin, ya zaro farantin daga inda ake jingine su. Ko ƙwarzane babu.

"Ɗaura," in ji maigida.

Ɗan Kwamfuta ya ce zai je ya sha ruwa. Kawunsa ya ce ya tsaya inda yake.

Injin ya tashi. Takardun farko suka fito da dishi-dishi, tawada ba ta kama ba tukuna. Da ta kama, maigida ya zari guda ya ɗaga ta wajen taga. Ga takardun matar a jere, a matse kamar an tura su da ƙafa. Ga alamar yanka, ta ratsa jan layin daidai inda wuƙa ta bi. A ƙasa kuma ga katunan wani shagon aski, jere guda cur, aikin da bai taɓa shigowa ta ƙofar maɗaba'ar ba.

Maigida ya sauke takardar. Ya tambayi mai inji tun yaushe. Mai inji ya ce tun bara, kuma an ce musu umarninsa ne.

"Kawu, wallahi ɗan fili ne da za a zubar..."

"Da tsohon nan ma za a zubar?" in ji maigida.

Ya taka har gindin wuƙar, ya karɓi tabarmar daga hannun Baba, ya shimfiɗa ta inda take. Ya ba shi haƙuri a gaban kowa. Baba ya ce ba komai, amma bai ɗaga kai ya dube shi ba, ya shiga goge bakin wuƙa.

Ɗan Kwamfuta kuwa, kawunsa ya karɓe makullin ofis da na babur a wurin, ya kore shi. Ya kira uwar yaron ya gaya mata dalili, ya kuma bi maɗaba'un layin ɗaya bayan ɗaya da takardar a hannu. Babu wanda ya ɗauki Ɗan Kwamfuta aiki.